Rigar Sallah a Bakin Ƙofar Likita

Duk wanda ya zauna a unguwarmu ta Argungu, can gangaren da ke kallon fadama, ya san Goggo Riskuwa ko da bai taɓa gaisawa da ita ba. Ita ce matar da ke share ƙofar gidanta har ta haɗa da ta maƙwabta, ta yayyafa ruwa, ta bi da tsintsiya tana zana ƙasa kamar mai yi wa ƙwarya ado. Zannuwan fitarta ba su da yawa, amma ba wanda ya taɓa ganin ɗaya a yamutse. Ranar da babu abin dafawa a gidanta takan ɗora ruwa a murhu, hayaƙi ya tashi, masu wucewa su ce Goggo na girki. Haka uwarta ta raine ta a Gulma. Ta koya mata cewa wahala a ɗaki ake barin ta, abin da za a kai gaban mutane kuwa sai an wanke shi an shafa masa mai.

Aure ne ya kawo ta Argungu, gidan wani masunci mai suna Zayyanu. Sun zauna lafiya har ya rasu, Allah bai ba su haihuwa ba. Ta riƙe kanta da gumin shinkafa: ta sayo ɗanya, ta jiƙa, ta turara a babbar tukunya, ta shanya a tsakar gida tana motsawa da ƙafa. Shekaru ana sanin gidanta da ƙamshin nan na shinkafa mai zafi. Da manyan injuna suka fara bin manoma har gona suna kwashewa, sai sana'ar ta tsuke. A lokacin ne wata ƙungiya ta tara matan unguwa ta koya musu haɗa sabulun ruwa. Aka raba musu bokiti da soda, aka ce su kiyaye ido da hannu, aka ɗauki hoto, aka tafi.

Kafin wannan, ƙaninta Labbo, manomin shinkafa a Gulma, ya riga ya kawo mata 'yarsa ranar da aka yaye ta, ya ce ta riƙe, tata ce. Sunan yarinyar na yanka Mubina, sunan mahaifiyarsu ke nan, don haka bakin Riskuwa bai taɓa furta shi ba. Ummi take ce mata, unguwa ma ta ɗauka. Yarinya ce mai ci. Tana zama a gindin murhu da cokali a hannu tun miya ba ta nuna ba, kuma ita ce ke kankare ƙanzon tukunya tana waƙa da baki cike.

Soda idan an jiƙa ta ta kwanta, ba ta da launi, ba ta da wari. Ruwa ce a ido. Riskuwa ta jiƙa tata, ta zuba ragowar a gorar ruwa ta roba, irin wadda kowane gida ke tsinta ya wanke ya ajiye. Cikin bazara ne, zafin da ke sa tsuntsu buɗe baki a kan reshe. Ummi, wadda ba ta wuce shekara huɗu ba, ta shigo a guje daga wasa da ƙishirwa. Kurɓa ɗaya ta yi.

Maƙwabta suka ɗura mata manja da madara, aka kai ta asibitin garin, aka sa mata ruwa, aka ba da magani. Leɓe da harshe suka saɓule, suka kuma warke. Kowa ya yi hamdala, aka ce an tsallake.

Ba a tsallake ba. Ƙunar da ke can ciki, a hanyar da abinci ke bi daga maƙoshi zuwa ciki, tana warkewa ne tana tsukewa, kamar bakin jakar da ake jan zarenta. Tuwo ne ya fara tsayawa. Ummi ta kai loma, ta haɗiye, ta yi shiru tana zare ido, lomar ta dawo. Riskuwa ta koma yi mata fate. Ba a daɗe ba fate ma ya ƙi wucewa, aka koma kunu.

Daga Argungu aka tura su wani babban asibiti a Birnin Kebbi. Can aka ba Ummi wani farin ruwa ta sha, aka ɗauki hoton ƙirjinta, wani matashin likita ya ɗaga hoton ya nuna wa Riskuwa inda hanyar ta koma siririya kamar kara. Ya ce abin yana da gyara idan an yi da wuri. Akwai wata roba mai fitila da ake zurawa a buɗa wurin kaɗan-kaɗan, a maimaita har ya saki. Sai dai shi ba aikinsa ba ne, kuma duk asibitin babu mai yin sa. Likitar cikin yara ce ke yi, daga Sakkwato take zuwa, sau ɗaya a wata idan hali ya yi. Aka rubuta musu rana, bayan saukar ruwan farko.

Likita ɗaya, rana ɗaya a wata, ga yaran wannan kwari kaf, tun daga Augie har ƙauyukan da ke bayan Birnin Kebbi. Ƙasar da ke cika tireloli da shinkafa ana kai wa duniya, ba ta iya ajiye mutum guda da zai buɗe maƙoshin yaro ya ci shinkafar ba. An gina ƙofar asibitin da tayil mai sheƙi, an dasa furanni a bakinta, an kafa allo mai hoton yara suna dariya. Waɗanda suka sa hannu aka yi wannan, idan nasu ɗan ya yi amai sau biyu, jirgi ne ke ɗaukar sa.

Da ranar ta zo, Riskuwa ta yi abin da ta sani. Za a kai yarinya gaban manya, a birni, kuma 'yar amana ce. Ta yi mata wanka da ruwan ɗumi, ta mulke ta da man kaɗe har kumatun da suka fara faɗawa suka yi sheƙi. Ta sa mata kwalli. Tun jajibiri ta ƙunsa mata lalle. Da ta sa mata rigar Sallah, shuɗiya mai aiki a wuya, ta ga tana lilo a jikinta kamar an rataya a ƙusa, sai ta cire, ta sa mata ƙananan riguna biyu a ciki, sannan ta mayar. Ta ɗora farin hijabi. A tashar mota mata suna ta yaba yarinya.

A asibitin akwai doguwar baranda da bencuna, kuma tun kafin hantsi ta cika. Yara masu kumburin ciki, masu ido rawaya, masu gudawar da ta ƙi tsayawa, masu amai da jini. Kowa an rubuta masa wannan ranar, alhali an san likita ba za ta iya ganin rabinsu ba kafin ta kama hanyar komawa. To sai aka samo dabara. Wani ma'aikacin jinya, Malam Sunusi, shi ke bin bencunan ɗaya bayan ɗaya yana duban yara. Wanda ya ga ya fi galabaita ya ce a shigar da shi, sauran a ba su wata rana. Akwai sikeli a lungu, an ɗora kwalaye a kansa. Idonsa ne sikelin.

Ya iso kan Riskuwa, ya dubi yarinya mai kwalli da lalle zaune tsaf kamar 'yar tsana, ya gaishe ta da ladabi, ya ce ya mai jiki. Ta amsa yadda ake amsawa tun kakanni, yadda mai shirin cikawa ma yake amsawa, ta ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Ya ce Allah ƙara sauƙi, ya wuce.

Malam Sunusi ɗan ƙasar nan ne. A gidansu ma haka ake amsa gaisuwar mara lafiya, kuma ya san uwarsa ba za ta fita da jikanta da datti ba. Da ya tsaya ya ɗaga hannun rigar nan da ya gani. Amma mutum ɗaya ne da baranda guda, likita na jira, ana kiran sa ta ko'ina, don haka duk wanda ya ba shi dalilin wucewa, wucewa yake. Ina jin haushinsa, amma na fi jin haushin waɗanda suka tsayar da shi a wurin suka ce ya zaɓa.

Riskuwa ta zauna har la'asar tana sauraron sunayen da ake kira. Sunan da ba ta taɓa faɗa ba, sunan uwarta, shi take jira ta ji an ɗaga murya an kira. Ba a kira ba. Aka ba su wata rana.

Damina ta zauna. Fadama ta sha ruwa ta yi kore har iyakar gani, masu dashe suna sunkuye a cikinta kamar balbelu. Kunu mai kauri ya daina wucewa, Riskuwa ta koma tacewa da tsumma mai laushi tana ba ta da ƙaramin cokali, a jira, a sake ba ta. Ranar ta biyu suka je suka tarar da baranda shiru, likitoci na yajin aiki, ba wanda ya aiko musu. Ranar ta uku likita ta zo, Ummi ta sha wanka da rigar Sallah, a ciki kuma riguna uku, Malam Sunusi ya gaishe su ya wuce. Ranar ta huɗu aka ce robar mai fitila ta lalace an kai gyara.

A cikin gidan kuwa Riskuwa ta daina cin abinci a gaban yarinyar. Takan shiga bayan ɗaki ta tura 'yar loma a tsaye kamar ɓarauniya. Ta roƙi maƙwabta su daina aiko mata da ɗanɗano, domin Ummi na bin kwanon da ido har a fita da shi. Cokalin da take zama da shi a gindin murhu, yanzu da shi take kwana a hannu. Bokitin sabulu kuwa tun ranar nan Riskuwa ta kife shi ba ta ƙara taɓawa ba.

Shinkafa ta fara nuna lokacin da Labbo ya zo daga Gulma. Ya daɗe bai ga 'yarsa ba sai a cikin hijabi, kuma duk aiken da ya yi amsar ɗaya ce, da sauƙi. Wannan karon ya shigo ba zato, ya tarar ana yi mata wanka. Ya tsaya a bakin zaure, ya juya baya, ya daɗe a haka. Da ya juyo bai yi faɗa ba, bai ambaci soda ba, abin da ya fi faɗan ciwo ke nan.

“Yaya, ki ba ni ita in tahi da ita,” ya ce. “In kwana ya ƙare, shi ƙare ɗakin uwatta.”

Riskuwa ta roƙe shi ya bar mata zuwa ɗaya. Ta ce ranar ta kusa, an ce robar ta dawo daga gyara. Idan wannan karon ma ba a gan su ba, ita da kanta za ta goya ta har Gulma. Ya ɗauki takalmansa, ya ce to.

A barandar nan mutane kan saba da juna kamar 'yan kasuwa ɗaya. Akwai wata Hauwa'u, matar wani manomin albasa daga Augie, mai baki kamar reza, wadda ɗanta ke fama da ciwon hanta. An taɓa shigar da shi, yanzu dawowa suke a sake duba shi. Tun zuwan farko ta raɗa wa Riskuwa suna uwar amarya, kullum ta gan su sai ta tambaya ko yau ne ɗaurin auren, ko angon ne bai iso daga Sakkwato ba. Riskuwa takan yi murmushi ta kau da kai.

Ranar zuwan nan da Riskuwa ta roƙa, Hauwa'u ta matsa ta ba su wuri, ta fara tsokanar da ta saba, ta kama hannun Ummi za ta duba lalle. Sai maganar ta tsaya mata. Abin da ta ji a cikin hannun rigar bai fi sanda ba. Ta laluba kafaɗa, ta ji riga a kan riga a kan riga.

“Goggo, mi kika yi haka?” ta ce, murya ƙasa. “Nan ba gidan buki na ba. Mutumen ga da ido shika aiki. Ni da gangan nika kawo nawa da rigar da yak kwana da ita, ko huska ban wanke mai. Ke kin ɗauko gawa kin yi mata kwalliya, kina jiran a gane?”

Riskuwa ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta ce ita ba ta iya kawo ɗiyar mutane cikin jama'a kamar wadda ba ta da kowa ba. Hauwa'u ta ce to ta ci gaba, in ya so a yi mata kwalliyar ƙarshe da farin ƙyalle. Magana ce mai muni, kuma ta san mai muni ce, domin tana faɗa ta ta kama bakinta.

Malam Sunusi ya taho yana bin benci. Ya nuna wannan, ya tsallake wancan, ya nuna ɗan Hauwa'u ya ce shi ne na ƙarshe a yau. Ya zo kan Riskuwa, ya gaishe ta kamar kullum, ya ce ya mai jiki, ƙafarsa ta riga ta ɗaga za ta wuce.

“Babu sauƙi,” in ji Riskuwa.

Ta miƙe, ta tsayar da Ummi a kan bencin. Ta cire hijabin. Ta cire rigar Sallah ta yar a ƙasa, ita da ba ta taɓa barin ko ɗankwali ya taɓa ƙasa ba. Ta cire ta ciki, da ta cikinta, da ta ƙarshe. Yarinyar ta tsaya daga ita sai ɗan kamfai, haƙarƙari a jere kamar haƙoran matsefi, gwiwoyi sun fi cinyoyi kauri, ga lalle ja a tafin hannu, ga kwalli a idon da ya zurma. Mazan da ke wurin suka sunkuyar da kai. Riskuwa ta karɓi kofin ruwa a hannun wata mata ta kai bakin Ummi. Yarinyar ta kurɓa da sauri irin na mai ƙishi, ta haɗiye, ta yi shiru. Ruwan ya dawo ta baki da hanci ya zubo a ƙirjinta.

“Malam, ka gani ko in ƙara?” ta ce.

Bai ce ta ƙara ba. Ya ɗauki yarinyar da kansa ya shiga da ita, Riskuwa na biye, rigunan suna nan zube a baranda.

Likitar mace ce mai matsakaicin shekaru, da alamar gajiyar hanya a fuskarta. Ta dubi Ummi, ta dubi tsohon hoton ƙirjin, ta tambaya da zafi me ya sa aka zauna da yarinya a gida har ta kai haka. Riskuwa ta ce ba a gida suka zauna ba, a bakin ƙofarta suka zauna, tun ana shuka ga shi ana shirin yanka. Likitar ta dubi Malam Sunusi, shi kuma ya dubi ƙasa, ita ma daga baya ƙasan ta duba.

Aka kwantar da su. Aka sa wa Ummi barci aka zura robar mai fitila, ba ta wuce ba. Aka gwada wata siririya kamar zare, ita ma ta tsaya. Hanyar ta rufe. Likitar ba ta ɓoye ba, ta ce da ta gan ta lokacin da kunu ke wucewa, da yanzu tana cin tuwo. Abin da ya rage shi ne a huda cikin a sa roba, a riƙa ba ta abinci ta nan don ta rayu ta yi ƙarfi. Bayan haka sai babbar tiyata, a yanko wani yanki na hanji a yi mata sabuwar hanya, kuma ba a yin ta a nan, sai wani gari mai nisa, can ma akwai layi.

Shigar Ummi ta cinye gurbin ƙarshe na ranar, don haka ɗan Hauwa'u aka mayar gida da wata rana. Hauwa'u ce ta tattara rigunan daga ƙasa, ta kakkaɓe, ta ninke, ta kawo har bakin gado. Ta ce ga kayan amarya, ta koya wa mutum dabara ya ci rabonta, gobe ba ta ƙara buɗe baki. Ta yi dariya, Riskuwa ta kasa. Yaron yana rataye a bayan uwarsa, idonsa rawaya kamar gwaiduwa, aka fita da shi cikin rana neman motar Augie. Tun daga ranar Riskuwa ba ta sake ganin su a barandar ba, kuma ba ta san wanda za ta tambaya ba.

Ummi tana raye. Labbo ya zo asibiti ya ga yadda yayarsa ke tace kunun gyaɗa, ta zuƙa a babban sirinji, ta tura a hankali ta robar tana shafa cikin, ya ga yadda take wanke bakin ramin tana tofa addu'a. Bai sake maganar tafiya da ita ba. Bayan girbi ya aiko da buhun shinkafa, wadda 'yarsa ba za ta haɗiyi ko ƙwaya ɗaya a ciki ba.

Ta yi ɗan kumari, tana fita wasa. Idan an sauke tukunya takan zo da cokalinta ta zauna, a zuba mata tuwo da miya a ɗan kwano, ta tauna a hankali ido a lumshe, sannan ta tofar a wani kwanon da aka ajiye mata a gefe. Ta ce ita dai ta ji gishirin.

Goggo Riskuwa har yau tana share ƙofar gida ta haɗa da ta maƙwabta. Amma ta daina ɗora ruwa don hayaƙi, kuma mutanen unguwa sun koyi yin hattara da gaisuwa. Wanda ya ce mata ya mai jiki, sai ta tsayar da shi a rana ta gaya masa: bakin robar ya yi ja, jiya ta toshe, har yanzu ba a kira su tiyata ba, an ce a jira. Wasu suna cewa tsufa ne ya sa ta surutu. Wasu sun koma bin ɗaya lungun.

Rigar Sallar tana nan, ta yi wa Ummi daidai yanzu ba tare da ciko ba. Riskuwa ta sa almakashi ta tsaga ta a gefen hagu, ta daje bakin tsagar da shuɗin zare, ta nan robar ke fitowa. Da ita suke zuwa Birnin Kebbi duk ranar da aka rubuta musu, su zauna a benci, robar a waje inda kowa zai gani.